Farfesa ya ce in cire sunan ɗalibata daga maƙala, in sa na abokansa

Assalamu alaikum, Malam. Ni malama ce a wata jami'a a nan jihar Kebbi, kuma ban daɗe da fara koyarwa ba. Bara na duba kundin kammala digiri na wata ɗaliba da ta yi bincike a kan bashin noman shinkafa a wasu ƙauyukan Argungu da Augie. Farfesan da ya duba digirina na biyu, wanda kuma shi ne ya tsaya mini har na sami wannan aiki, ya ce in mayar da kundin maƙala mu tura wa mujalla, a sa sunansa a farko, nawa na biyu, sannan sunayen abokansa biyu da suka saba sa juna a rubuce-rubucensu. Ɗalibar kuwa ya ce ba a buƙatar sunanta, tunda ta riga ta karɓi digirinta ta tafi bautar ƙasa. Da na saka aikin a Turnitin, manhajar da ke nuna kamanceceniyar rubutu da na wasu, sai na tarar kusan dukkan babi na biyu an kwafo shi ne daga wani kundin digiri na biyu da ke intanet. Na gaya masa, ya ce in bi da shi ta manhajar sauya kalmomi har adadin kamanceceniyar ya sauko ƙasa da iyakar da aka gindaya, wai haka kowa yake yi. Ina buƙatar maƙalu saboda ƙarin girma, kuma ina jin nauyin mutumin nan kamar na mahaifi. Shin abin da yake nema sata ne, ko kuwa ni ce nake tsananta wa kaina?

Wa alaikis salam, Malama. Ba tsanantawa kike yi ba. Abin da aka nemi ki yi sata ne, kuma ba mutum ɗaya za a zalunta da shi ba: akwai mai kundin da aka kwafa, akwai ɗalibarki, akwai kuma abokan aikinki da za su shiga layin ƙarin girma da maƙalun da suka rubuta da guminsu, a auna su da ma'auni ɗaya da wannan. Ba na zaton Farfesa mugu ne. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne ya daɗe a cikin wata al'ada har ya daina ganin muninta, kuma wannan fahimta za ta yi miki amfani idan kin je yi masa magana.

Bari in fara da adadin nan na Turnitin, domin a nan ne malamai da yawa suka ruɗe, har wasu suka ɗauka cewa gaskiyar malami lamba ce da kwamfuta take fitarwa. Manhajar ba ta san sata ba. Aikinta shi ne ta ɗauki rubutunki ta jera shi da shafukan intanet, da maƙalun mujallu, da ayyukan ɗalibai da aka taɓa ajiyewa a rumbunta, sannan ta nuna wuraren da kalmomi suka zo iri ɗaya. Kamfanin da kansa yana cewa abin da yake aunawa kamanceceniya ce, hukunci kuwa na mutum ne. Saboda haka rubutu mai tsabta yana iya fitowa da adadi mai yawa, idan yana cike da sunayen hukumomi, da jerin manazarta, da maganganun da aka ɗauko aka sa musu alamar zancen wani tare da faɗin mai su. Haka kuma rubutun da aka sace tun daga tsakure har kammalawa yana iya fitowa da ɗan adadi kaɗan, idan an fassaro shi daga Larabci ko Faransanci, ko an kwafo shi daga tsohon kundin da yake kwance a kantar laburare ba a taɓa saka shi a kwamfuta ba. EagleScan, manhaja irin Turnitin wadda kwamitin shugabannin jami'o'in Najeriya ya ƙaddamar a 2021, ita ma wannan iyaka ta shafe ta. Iyakar da jami'a ko mujalla take gindayawa alama ce ta inda mai dubawa zai tsaya ya karanta da kyau. Ba rangwame ba ne da aka yi wa marubuci cewa ya halatta ya saci kashi kaza cikin ɗari.

Idan kika bi da babin nan ta manhajar sauya kalmomi, tunanin yana nan na mai kundin, tsarin hujjoji nasa ne, littattafan da ya karanta ya tace su ma zaɓinsa ne, abin da ya canza kawai shi ne an ɓatar da sawu. A ganina wannan ya fi kwafen ɗalibar muni, domin ita tana iya cewa ba a taɓa koya mata yadda ake ambaton madogara ba, ke kuwa kin ga rahoton da idonki sannan kika zauna kika ɓoye shi. Kuma sawun ma ba ya ɓacewa yadda ake zato. A 2021 wasu masana kimiyyar kwamfuta, ciki har da Guillaume Cabanac na Jami'ar Toulouse a Faransa, sun nuna cewa irin waɗannan manhajoji suna barin tabo, domin suna canza kalmomin fannin da ba a canzawa, har a ga cutar dajin mama ta koma wani abu mai kama da "haɗarin ƙirji". Da waɗannan baƙin jimloli ake farauto maƙalu a mujallu, kuma an janye da dama ta wannan hanya. Mu mutanen Kebbi muna da abin tunawa a kusa: a bikin kamun kifi na Argungu na 2008 an ƙwace kyautar wanda ya zo na ɗaya bayan masu shirya bikin sun ce kifin ya riga ya mutu kafin a fara gasar. Sikeli bai yi ƙarya ba, kifin yana da nauyi. Tambayar da ta kayar da mai shi ita ce a ina kuma yaushe aka kama shi.

Maganar ɗalibar ta fi damuna. Ita ta shiga ƙauyukan Argungu da Augie, ita ta zauna da manoma ta cike takardun tambayoyi, wataƙila da kuɗin motar da iyayenta suka haɗa mata. Digirin da ta karɓa sakamakon karatunta ne, ba kuɗin sayen aikinta ba ne, kuma babu wata yarjejeniya da ta sa hannu a kai cewa ta sallama sunanta. Ko a dokar ƙasa, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta bai wa marubuci haƙƙin a danganta aikinsa gare shi. Amma ba sai an kai ga kotu ba. Wannan yarinya tana iya dawowa neman digiri na biyu, ta so ta ɗora a kan bincikenta, sai ta tarar an riga an buga shi da sunayen mutum huɗu, biyu daga cikinsu ma ba ta taɓa jin labarinsu ba, kuma idan ta yi amfani da jimlolinta na kanta ita ce manhaja za ta nuna a matsayin mai kwafe. Ki tuna ke ma ba da daɗewa ba kika bar wannan matsayi, kuma kundinki na digiri na biyu yana hannun wani.

Game da wanda ya cancanci suna a kan maƙala, akwai ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya, wato na kwamitin editocin mujallun likitanci na ƙasa da ƙasa, wanda wasu fannoni da yawa suka ara. Ya ce marubuci shi ne wanda ya ba da gudummawa mai tsoka wajen tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya kuma sa hannu wajen rubutawa ko yi wa rubutun gyara na ilimi, ya amince da kwafin ƙarshe, sannan ya yarda zai amsa tambaya a kan aikin idan an sami matsala. Ana buƙatar dukkansu, ba ɗaya daga ciki ba. Wanda ya taimaka da shawara ko mota ko kuɗin bugawa, wurinsa sashen godiya. Idan kika auna da wannan, ɗalibar marubuciya ce ta farko muddin aka sa ta cikin gyaran, ke marubuciya ce saboda kin jagoranci aikin kuma za ki sake gina shi, Farfesa yana iya zama marubuci idan ya yi aiki na gaske, abokansa biyu kuwa ba su da mazauni. Al'adar "sa ni in sa ka" ta yi ƙarfi a jami'o'inmu saboda an mayar da ƙarin girma ƙidayar takardu, amma masu yin ta sun manta da sharaɗin ƙarshe. Suna a kan maƙala shaida ce. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ranar da aka janye maƙalar, sanarwar janyewa za ta ɗauki sunayen duka, har da na waɗanda ba su taɓa buɗe ta ba.

Akwai rabonki a cikin wannan, kuma ba zan tsallake shi ba. Kundin nan ya wuce ta hannunki aka ba shi maki da babin da aka kwafa a ciki. Na san yawan ɗaliban da ake jibga wa ƙaramin malami, da yadda ake haɗa zangon karatu a guje bayan kowane yajin aiki, amma wannan bayani ne kawai, ba ya goge abin da ya faru. Abin da ya biyo baya shi ne, wanda ya kwafi babi na biyu ba a rantse a kan babi na huɗu nasa, wato babin sakamakon bincike. Kafin ki sa sunanki a kan kowace lamba, ki nemi ɗalibar ta kawo miki ainihin takardun tambayoyin da aka cike, da sunayen ƙauyukan da ranakun da ta je, ki sake lissafin da kanki. Idan kika ga rubutun hannu ɗaya da biro ɗaya da amsoshi masu kama da juna tun daga farko har ƙarshe, to babu maƙala a nan ko kaɗan, kuma wannan kaɗai ya ishe ki hujjar da za ki kai wa Farfesa a rufe maganar.

Wasu malamai sukan ce duk wannan ƙa'ida ce ta Turawa da aka ɗora mana, wai a wurinmu ilimi na kowa ne. Duk wanda ya faɗi haka a Kebbi ya manta da Gwandu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu ya ware littafi guda, Ida'un Nusukh, don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta a gaban kowane ɗaya. A muƙaddimar Sahihu Muslim an ruwaito Abdullahi ɗan Mubarak yana cewa isnadi, wato jerin waɗanda aka karɓo magana daga gare su, yana cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Aya ta 188 a Suratu Ali Imrana ta yi gargaɗi ga masu son a yabe su da abin da ba su aikata ba, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito cewa mai nuna ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar mai sanye da tufafin ƙarya biyu ne. Gaskiya ne malamanmu na da suna ɗauko dogayen sassa daga magabata, amma sukan ce wane ya ce a littafi kaza, idan sun gama kuma su rubuta "intaha" don mai karatu ya san inda maganar wani ta tsaya. Alamar zancen wani da manazarta na yau wannan aikin suke yi.

Kada kuma ki dogara da cewa ƙaramar mujalla ce, ba mai gani. Abin da aka buga yana zaune yana jiran mai karatu. An ƙwace digirin digirgir na ministar ilimi ta Jamus, Annette Schavan, a 2013, a kan kundin da ta rubuta a 1980, kuma ta ajiye muƙaminta. Kafin ita, ministan tsaron ƙasar, Karl-Theodor zu Guttenberg, ya sauka a 2011, shugaban ƙasar Hungary, Pál Schmitt, ya sauka a 2012, duk a kan kwafe a kundin digiri. Ke a farkon tafiya kike. Idan lokacin zama farfesa ya yi, za a tura rubuce-rubucenki ga masu tantancewa na waje, mutanen da ba su san ki ba kuma ba sa jin nauyinki, kuma ba abin mamaki ba ne kundin da aka kwafa ya kasance na ɗalibin ɗaya daga cikinsu. Farfesa a lokacin yana iya yin ritaya, abokansa su ce ba su san komai ba, a koma kan wadda ta tura maƙalar da adireshinta na imel.

Yanzu ga yadda nake ganin za ki bi da shi. Ki fara kiran ɗalibar kafin kowa, ki gaya mata abin da kika gani a babi na biyu ba tare da barazana ba, ki karɓi takardun bincikenta, ki tambaye ta ko tana son a buga aikin da sunanta, ki kuma sami amincewarta a rubuce. Idan bayanan sun tabbata, ki zubar da babin da aka kwafa gaba ɗaya, kada ki yi masa kwaskwarima. Maƙala ba ta buƙatar shafi ashirin na bitar ayyukan da suka gabata. Shafi biyu da kuka karanta madogararsu da kanku sun wadatar, kuma shi wancan kundin da aka kwafa, idan yana da amfani, a ambace shi da sunan mai shi kamar kowace madogara. Hanyar da ta fi tsare mutum daga kwafe ita ce ya karanta, ya rufe littafin, ya rubuta abin da ya fahimta, ya sa madogara nan take, sannan ya buɗe ya duba ko ya karkatar da ma'ana.

Bayan haka ki je wurin Farfesa da ƙafarki, a ofishinsa, lokacin da ba kowa, ba ta WhatsApp ba. Ki tafi da shafukan biyu a buge, na ɗalibar da na mai kundin, ki ajiye su gefe da gefe. Kada kalmar sata ta fito daga bakinki. Ki ce masa, "Ranka ya daɗe, na ji tsoron sunanka ya hau kan wannan, shi ya sa na tsaya na sake aikin." Wannan ba dabara ba ce, gaskiya ce, domin shi ne mai sunan da ya fi girma a jerin. Sannan ki ba shi aiki na haƙiƙa: ya duba nazarin alƙaluman, ya gyara sashen tattaunawa, ya faɗi inda hujja ta yi rauni. Mutumin da ya shekara da shekaru a fannin zai iya ɗaga darajar maƙalar cikin zama biyu, kuma daga nan sunansa ya halatta. Game da abokansa, ki jingina da ƙa'idar mujalla, domin mujallu da yawa yanzu suna neman a rubuta abin da kowane marubuci ya yi, kuma ki ce ba za ki iya cike wannan gurbi da abin da bai faru ba. Manya da dama sukan sauko idan an bar musu ƙofar fita da mutuncinsu, musamman idan ba a gaban jama'a aka tare su ba.

Yana yiwuwa ya ƙi. Idan haka ta faru, ki janye sunanki cikin ladabi, ki bi bayan maganar da gajeren imel mai cewa ba ki amince a sa sunanki a wannan kwafin ba, ki adana shi tare da rahoton Turnitin da amincewar ɗalibar. Kada ki kai maganar Facebook, kada kuma ki fara da takardar koke. Ki nemi wani dattijo a tsangayar wanda Farfesa yake jin maganarsa, ki gaya masa a asirce. Idan duk da haka aka buga da sunanki ba da izininki ba, kina da damar rubuta wa editan mujallar, kuma mujallun da suke bin ƙa'idojin COPE, ƙungiyar ɗa'ar wallafa da aka kafa a Ingila a 1997, suna da tsarin da suke bi a kan irin wannan ƙorafi. Idan kuma aka buga aikin ɗalibar ba sunanta, ki sanar da ita, domin haƙƙinta ne ta sani, kuma ki tsaya mata da shaida idan ta nemi bin kadi. Ba zan ɓoye miki ba, wannan yana iya jawo miki sanyin fuska a sashe, ko jinkirin sa hannu a wata takarda. Alherin da ya yi miki na gaske ne, ki ci gaba da gaishe shi da girmama shi da yi masa hidimar da ta halatta, amma bashin alheri ba a biyan sa da haƙƙin mutum na uku.

Saura maganar ƙarin girma, wadda ita ce ta sa ki cikin wannan matsi tun farko. Kundinki na digiri na biyu yana iya ba ki maƙala ɗaya ko biyu, muddin kin bayyana cewa daga shi aka ciro su, kuma ba ki tura abu ɗaya ga mujallu biyu da take daban ba, domin wannan ma laifi ne ko da rubutun naki ne. TETFund, hukumar asusun tallafa wa manyan makarantu, tana da tallafin bincike da ake nema ta hannun jami'a, wanda ƙananan malamai suke iya shiga, sai ki tambayi ofishin da yake kula da harkokinta a makarantarku yaushe ake karɓar buƙatu. Ki kuma karanta kundin ƙa'idojin ƙarin girma na jami'arku da kanki, domin a wurare da dama makin maƙala yana raguwa idan marubuta sun yi yawa, ta yadda sunayen abokan Farfesa daga rabonki za su ci. Ɗaliban da aka ba ki bana kuwa, ki tara su tun kafin su fara babi na biyu, ki ɗauki sakin layi ɗaya daga wata maƙala, ku rubuta shi tare a allo ta hanyoyi biyu, ɗaya da alamar zancen wani, ɗaya da kalmominsu da madogara, sannan ki gaya musu cewa duk wanda aikinsa ya kai a buga, sunansa ne zai zo a farko.